Uwar Maguna da Idon Auta

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, likitar dabbobi ta riga ta buɗe nata ɗakin. Ta goge teburin ƙarfe, ta wanke almakasai, ta bi keji-keji tana gaida kowace mage kamar mutum. Shi ya sa ake ce mata Uwar Maguna. Yanzu da za ta ajiye aiki, dole a faɗi abin da ta yi.

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma na tuƙa babbar mota har furfura ta cika mini kai, ta kife da ni na fito da ƙafata, sa'o'ina duk sun riga ni gidan gaskiya. In irina ya cire wa mutum hula, akwai dalili.

Dalilin shi ne Auta, magen tsohuwata, wato mai ɗakina. Tun da yara suka watse gidajensu, da ita take hira, da ita take faɗa. Sai gashin idon Auta ya riƙa tsirowa ta ciki yana sukar ƙwayar. Ga hawaye, ga kwantsa, ido ya fara dusashewa. Tsohuwa ta sa hantsaki ta tsige, gashin ya dawo kamar ƙaya. Auta ta shige ƙarƙashin gado, tsohuwa ta ture kwanon abinci.

"In ta makance, Malam, da wa zan zauna?"

"Da ni mana."

"Kai da ba ka jin kira sai na abinci?"

Da muka kai ta, likita ta haska idon ta ce, "Mama, tsiga ba ta kashe shi, saiwar tana ciki. Daskarar da ita zan yi."

"Ido ne fa, 'yar nan, ba nama ba!"

Ta yi wa Auta allurar barci, ta juya fatar idon, ta kare ƙwayar, sannan ta ɗora bakin wani siririn ƙarfe mai hayaƙin sanyi a tushen kowane gashi. Ta bari ya narke, ta sake. Ta taga nake kallo, hannunta ko gezau.

Ta gargaɗe mu zai kumbura, amma hankalin tsohuwa na kan Auta. Kashegari da ta ga ido suntum, ta naɗe mage a zani ta faɗa ɗakin likita.

"Kin ƙona mata ido! Gara in koma tsigata!"

Likita ta jawo mata kujera, ta ɗiga wa Auta magani, ta miƙa hannu. "Ki zage ni son ranki, Mama, amma ba ni hantsakin nan."

Kumburi ya saɓe. Gefen fatar ya yi fari na ɗan lokaci, ya koma yadda yake. Gashi kuwa bai ƙara leƙowa ba. Wata safiya Auta ta daka tsalle daga katanga ta ajiye ƙadangare a gaban tsohuwa, ido tar. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce a miƙo mata kwanonta.

Ke ce wadda ba ta raina ido don na mage ne. Ke kika sha zagi kika mayar da kujera. Uwar Maguna, mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya. Ku masu tasowa, ku koyi bin ciwo har saiwarsa kamar yadda take yi.

Tsohuwa kuma ta ce ki riƙe hantsakin, ta bar miki.