Gayyar Accar da Mama Ta Kira

A Dong aka haife ni, can gefen Jos, inda kowace gona kerana ce shingenta. Da muna yara, in acca ta nuna ba mai yankan tasa shi kaɗai. Gayya ake kira. Maza su jeru da lauje, mata su bi baya suna ɗaure dami, bayan kwanaki a tattake da ƙafa a kan dutse ana waƙa. Mai gona abinci kawai zai kawo.

Na girma na koma Gada Biyu a cikin garin Jos ina ɗinki. Shekara uku da rasuwar Baba, Mama ta kira ni.

"Acca ta nuna. Na sa gayya ranar Asabar, ki zo ki taya ni girki."

"Mama, wa zai zo?"

"Na faɗa a coci. Kowa ya ji."

Na je. Muka dafa gwate tukunya biyu manya, muka dama kunu cike da bokiti, muka kai gindin mangwaron da ke bakin gona. Rana ta ɗaga. Mutum huɗu suka zo: ƙanin Baba, wanda ido ɗaya ya rage masa, da tsofaffi mata uku. Samari wasu suna tuƙa keke-napep a gari, wasu suna ramin kuza. Sauran kuwa, tun da aka kashe wani maƙwabcinmu a gonarsa damina biyu da suka wuce, ba sa yarda su yi nisa da gida. Ban ga laifinsu ba. Ni ma ina yanka ina waigen tsauni.

Acca ba ta jira. In ta wuce lokaci, taɓa ta kaɗan sai ƙwayar ta zube. Muka yi ta yi har la'asar, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba mu ci ba. Hannuna da ya saba da almakashi duk ya yi bororo. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ɗauko waƙar yanka da yarenmu, ta kai inda ake amsawa, ba wanda ya amsa. Ni na manta kalmomin. Sai ta bar waƙar ta ci gaba da yanka.

Ƙanin Baba ya ce, "Matar yaya, a bari sai Litinin."

Ran Lahadi aka yi ruwa da ƙanƙara. Da muka leƙa Litinin, gonar ta kwanta, ƙwayar tana cikin laka, tsuntsaye sun cika wurin. Mama ta tsaya a bakin shinge ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Gwaten da ya yi tsami ta sa na zuba wa aladun maƙwabta.

Kafin Kirsimeti ta rufe gidan ta dawo wurina. Yanzu tana zama a ƙofar shagona tana cire mini zare a jikin kaya. In 'yan garinmu suka zo ɗinki suka tambaye ta labarin gona, sai ta ce ƙafa ce ke damunta.