Don Belarmino da Tekun da Ya Yi Aiki a Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya saba sauka gaɓa da yamma a garinmu na bakin tekun Arauco ya san Don Belarmino Sanhueza. Gajeren dattijo ne mai faɗin kafaɗa, da hular ulu ko da rani, kyamara rataye a wuya, yana tafiya yana tsayawa ya yi tari. Baƙi kan ɗauka tsohon ɗan jarida ne. Mu kuwa mun san mahaƙin kwal ne, haka ubansa, haka kakansa.

Ya fara sauka rami tun gemu bai tsiro masa ba, ya shafe sama da shekara talatin yana yi. Bakin ramin a kan gaɓa yake, amma da kejin ƙarfe ya sauke mutum ƙasa, sai hanya ta miƙe ta shige can ƙarƙashin teku. Idan ya fito, jiki baƙi ƙirin, idanu na yaji, ba abin da yake nema sai ruwan wanka da abinci da gado. Teku a wajensa shi ne ruwan gishirin nan mai sanyi da ke ɗigo musu a wuya daga rufin rami, wanda kowa ke roƙon Allah ya tsaya inda yake.

Da aka rufe ramin, aka buɗe wa mazajen da aka sallama azuzuwan koyon sana'a. Belarmino ya faɗa ajin aski. Hannun da ya saba da diga bai san almakashi ba. Ba a je ko'ina ba ya yanki kunnen wani abokinsa da ya ba da kansa don gwaji. Ya ba shi haƙuri, ya ajiye almakashin, ya dawo gida ya zauna.

Zaman nan ya fi ramin cin sa. Matarsa Doña Uberlinda tana gasa burodi tana sayarwa a ɗakin gaba, shi kuma ya samu kujera a bakin ƙofar kicin ya dasa kansa, ba magana, ba fita. Haka aka ci damina guda. Wata rana ta yi tuntuɓe da ƙafarsa, faranti cike da kwaɓi a hannunta. Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar kyamara da ƙanenta ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa kawo musu tsaraba. Kyamarar tana ta warin kafur.

“Ungo, tsoho. Fita.”

“In je ina?”

“Ko'ina, ban da bakin ƙofata.”

“To me zan ɗauka da ita?”

“Ɗauki kare, ɗauki doki, ɗauki duk abin da ya yarda ya tsaya maka. Kada dai in ga fuskarka kafin lokacin shayi.”

Ya fita yana gunaguni. Kunya ta hana shi saita ta a kan mutane, don ya san abin da tsofaffin abokan aikinsa za su ce. Sai ya bi gaɓa, ya wuce inda masunta ke janye kwalekwalensu, ya wuce matan da ke shanya ciyawar teku, har ya kai baƙaƙen duwatsun da ke ƙarshen gari inda ba kowa sai tsuntsaye. Nan ya zauna. Igiyar ruwa na tasowa daga nesa kamar ba da gaske ba, ta zo ta daki dutse ta tashi sama fari fat, ta faɗo ta tsiyaye ta cikin tsaga. Yana nan har rana ta sauko ta yi ja, ruwan ya koma kalar garwashi, ya dawo toka-toka. Ko sau ɗaya bai danna kyamarar ba, ya manta tana hannunsa. Da ya koma gida shayi ya daɗe da hucewa.

“Me ka ɗauko?” in ji Uberlinda.

“Ba komai. Amma gobe zan koma.”

Fim ɗin farko da aka wanko masa daga birnin Concepción ya ba gidan dariyar da aka daɗe ba a yi ba. Rabin hotunan babban yatsansa ne. A sauran kuwa tekun ya karkace.

“Tsoho, tare shi mana,” in ji ta, tana share hawaye da gefen riga. “Tekun naka zai zube ta hagu.”

Hoto ɗaya ne kawai ya fita da kyau: igiya ta tashi a bayan dutse, hasken yamma ya ratsa ta. Ta manna shi a bangon ɗakin burodi ba tare da ta tambaye shi ba.

Daga nan ya koya da kaɗan-kaɗan, ba malami. Ya gane cewa yawancin aikin jira ne, shi kuwa mahaƙi ya iya jira. Ya sha zamewa a kan gansakuka, ya sha komawa gida jiƙe sharkaf da kyamara a cikin hula. Bangon ya cika. Masu sayen burodi suka riƙa tsayawa suna musun wane dutse ne wannan, wa ya taɓa karya ƙafa a kan wancan. Wasu suka fara neman ya wanko musu, su aika wa 'ya'yansu da suka tafi arewa neman aiki.

Cikin masu zuwa akwai Doña Edelmira, gwauruwa mai gida a can saman tudu. Mijinta Rosamel abokin aikin Belarmino ne, rukuni ɗaya suke sauka. Shekaru da yawa kafin nan rufin wani reshe na ramin ya rufta, ruwa ya shigo, aka toshe reshen don a ceci sauran. Belarmino na cikin waɗanda suka fito. Rosamel kuwa gawarsa tana cikin ramin har yau. Ranar ziyarar kaburbura, idan mata suka nufi maƙabarta da furanni, Edelmira takan rufe ƙofarta ne.

Wata safiya ta karɓi burodinta, ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta juyo.

“Maƙwabci, kai ka san inda yake.”

Bai tambaye ta wa take nufi ba. “Daga ƙasa na sani, maƙwabciya. Daga sama ban sani ba.”

“Ka kintata. Ina son hoton wurin.”

“Ruwa ne kawai za ki gani.”

“Na sani. Shi nake so.”

Belarmino bai taɓa shiga kwalekwale ba a rayuwarsa, kuma bai iya iyo ba. Ya kwana biyu yana jan ƙafa, har Uberlinda ta je da kanta ta yi magana da Aliro, wani masunci mai baki kamar reza. Suka tashi da la'asar, ranar da iska ta ɗan lafa. Ba su gama fita daga bakin gaɓa ba amai ya taso wa Belarmino. Ya rungume gefen kwalekwale ya mayar da duk abin da ya ci.

“Sannu, jarumi,” in ji Aliro. “Shekara talatin a ƙarƙashinsa ba ka yi ko gezau ba, yau ka hau bayansa kana masa kuka.”

“A ƙasa ba ya rawa.”

“Ci gaba da ciyar mini da kifi. Gobe nan zan zo in zuba koma.”

Duk da haka ya riƙa ɗaga kai yana duba tsohuwar hasumiyar bakin rami, yana tuna yadda hanyar ke miƙewa, inda take karkata dama, tsawon tafiyar da suke yi kafin su kai reshen. Yana nuna wa Aliro da hannu. Can ya ce a kashe inji.

“Nan ne?”

“Ban tabbata ba. Ko nan, ko gaba kaɗan. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

Aliro bai ƙara tsokanarsa ba. Ya cire hularsa ya riƙe. Belarmino ya durƙusa ya ɗauki ruwan, ya sake ɗauka. Ruwa ne kore mai duhu, bai bambanta da na ko'ina ba. Zuciyarsa ta yi nauyi. Ya ga kamar ya wahalar da kowa ne a banza, zai kai wa baiwar Allah hoton da ko a bokiti za a iya ɗaukarsa.

Igiya ta juya kwalekwalen a hankali har ya fuskanci gaɓa. Rana na bayansu, ta kusa taɓa ruwa, haskenta ya faɗa kan garin gaba ɗaya. Bai taɓa ganin garinsu daga nan ba: duwatsun, hasumiyar, gidajen katako suna hawa tudu, kowace taga na walƙiya. A can sama, shi kaɗai, ga wani ɗan gida ruwan ɗorawa, da zannuwan gado a kan igiyar shanya.

“Aliro, wancan ba gidan Edelmira ba ne?”

Aliro ya ƙanƙance ido. “Shi ne. Ga ma shanyarta.”

“Riƙe mini rigata ta baya, kada in faɗa.”

Ya miƙe, Aliro na riƙe da shi kamar ɗan akuya, ya danna.

Da aka wanko hotunan ya hau tudun da kansa, yana hutawa a hanya. Edelmira ta ba shi kujera, ta goge hannu, ta karɓi na farko. Ta kalli ruwan, ta gyaɗa kai, ta ce ta gode. Sai ya miƙa mata na biyu.

“Wannan ai gidana ne.”

“Daga wurin na ɗauka.”

“Haka ake hango shi daga can?”

“Tas. Har shanyarki.”

Ta tashi ta je bakin ƙofa, hoton a hannu. Ta dubi teku, ta dubi hoton, tana neman wurin da ido. Ya zo ya tsaya kusa da ita ya nuna mata: daidai saitin dutsen nan mai tsaga, gaba da inda ruwa ke sauya launi. Sannan ta ja hanci ta ce, “Ka ga yadda fentin ya koɗe. Da na san ana kallo da na sa an sake.”

Kafin wata ya ƙare an sake wa gidan fenti. Ranar ziyarar kaburbura ta wannan shekarar ƙofarta a buɗe ta wuni, da furanni a cikin gwangwani a bakin taga.

Labari ya zaga. Ba Rosamel kaɗai teku ya rufe ba, don haka wasu gidajen ma suka zo da irin wannan roƙo. Wanda Belarmino ya san wurinsa sai ya je ya ɗauko, wanda bai sani ba ya faɗa musu gaskiya. Bai taɓa sabawa da kwalekwale ba. Duk fita sai ya yi amai, duk fita sai Aliro ya samu sabon abin faɗa, har suka zama aminan da ba a ganin ɗaya ba a tambayi ɗayan ba.

Bara wata malamar makaranta ta roƙe shi aka jera hotunansa a tsohon zauren ƙungiyar mahaƙa. Tsofaffin abokan aikinsa da suka rage suka zo, zauren ya cika da tari. Ɗaya daga cikinsu, wanda numfashi bai barin sa ya sauka gaɓa, ya tsaya gaban wani babban hoton faɗuwar rana ya daɗe.

“Belarmino, duk wannan a saman kanmu yake?”

“Kullum da yamma.”

“Kuma ba wanda ya leƙo ya gaya mana.”

Aka matsa masa ya yi jawabi. Ya miƙe yana murza hula. Ya ce shi bai iya magana ba. Ya ce mutane da yawa da suka fi shi kirki sun sauka ba su hau ba, wasu sun hau ba ido, wasu ba ƙafa, shi kuwa Allah ya fito da shi da idanunsa biyu, ya kuma ara masa kwanakin da zai yi amfani da su. Ya ce yana gode wa matarsa da ba ta iya zama da rago ba, da Aliro da bai taɓa sakin rigarsa ba. Aka yi dariya, aka tafa, ya zauna da sauri.

Yanzu ƙirjin ba ya barin sa hawa manyan duwatsun. Likita ta ce ya rage, bai yi musu ba. Akwai wani benci da masunta suka kafa masa kusa da inda suke gyaran koma, nan yake zama. Idan hadari ya rufe yamma, ba abin ɗauka, sai ya taya su warware zare, yana sauraron ƙaryar da suke shararawa kan girman kifin jiya.