Haddar da Dije Ta Koya Mani

Lahadin farko bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki a 1999, manya na tsaye a ƙofar majami'armu suna ta musu kan sabuwar gwamnati, ni kuwa ina zaune ƙarƙashin itacen bedi a ajin ƙanana, abin duniya ya ishe ni. Shekarata goma, na fi kowa tsawo a tabarmar nan. Dokar makarantar Lahadi ita ce sai yaro ya kawo ayoyi shida da ka kafin ya koma ajin manya, masu zama kan benci a ciki. Sau biyu ina faɗuwa. Ƙanena Bulus tuni ya haye, har leƙo ni yake ta taga yana yi mani gwalo. Ranar ce Malama Rifkatu ta ce mako mai zuwa za a yi gwaji, wanda ya faɗi kuma sai baɗi.

A Ƙofar Ƙaura muke haya, katangarmu ɗaya da gidan wani malamin allo. Ɗiyarsa Dije ƙawata ce, tare muke layin famfo, mu ajiye bokitai mu shiga 'yar gala-gala har a zo nemanmu. Ita ta tarar da ni ina wanke-wanke ina hawaye. Da na gaya mata sai ta bushe da dariya, ta ce wautata ce, wa ya taɓa hadda baki a rufe? Ta samo guntun katako da gawayi, ta sa na rubuta aya ɗaya, na naɗe ƙafa, ina rangaji ina ja da ƙarfi. Ba a gogewa sai ta zauna daram. Kullum da la'asar tana kaina da tsinken zogale, wai ita malama, Mama na daka tana ƙunshe dariya.

Ranar gwaji na miƙe gaban iyaye, hannu a baya yadda aka koya mana. Wayyo, kaina fayau, ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Ban san sadda na zube ƙasa na naɗe ƙafa ba, sai ga ayoyi suna fitowa da muryar 'yan makarantar allo sak. Majami'a ta kaure da dariya, wani dattijo ya murtuke fuska, Mama ta rufe ido da gyale. Malama Rifkatu ta ɗaga hannu aka yi tsit, ta bar ni na kai ƙarshe. Ta tambaye ni wanda ya koya mani, na faɗa a hankali, ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Ko ɗaya ba ki ɓatar ba. Tashi ki hau benci." Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Da yamma Malama ta tako har lungunmu da ƙullin alewa, ta zauna suka gaisa da mahaifiyar Dije, ta yi godiya.

Yanzu a Kambarawa nake, ni ke koyar da ajin ƙanana. Muna da fanka da kujerun roba, ayoyi na cikin wayar kowace uwa. Amma katangu sun yi tsawo, 'ya'yana ba su san sunan yaran gidan da ke jikin namu ba. Dije ta yi aure nesa, mun ɓace wa juna, ina kewarta ƙwarai. In yaro ya kakare a gabana ba na yi mashi faɗa. Na san yana da kai, maƙwabciya ce bai samu ba.