Akwatin da Ba Ya Ƙorafi

Warin dalma da ƙanshin soyayyar gyaɗa, su ne har yau ke mayar da ni ranar nan. Ina sabuwar ma'aikaciya a wani ƙaramin kamfani a Talata Mafara, muna haɗa akwatunan da ke auna ruwa a gonakin noman rani, su yi ƙara idan ya ja baya. Washegari za mu gwada ɗaya a gaban manoman Birnin Tudu, kuma an gaya mini ƙarara: in bai yi aiki ba, in koma gida.

Aikina shi ne harhaɗa kanel, wato zuciyar manhajar akwatin, tare da direba, ɗan shirin da ke sa ta gane ma'aunin ruwa. Duk sanda na fara sai aikin ya cije, jajayen layuka su cika allo kamar an watsa zoɓo.

Shugabanmu, Injiniya Sambo, ya leƙo yana tauna gyaɗa.

"Ɗiyata, mi ya hwaru?"

"Yallaɓai, direban ne ke ƙorafi. Akwai abin da yake nema bai samu ba."

"To cire shi mana! Duk wanda ya cika ƙorahi, a hidda shi a huta."

Wannan kam mun sani. Ta haka ma'aikata da dama suka bar mu.

Ya ja kujera, ya cire direban daga saiti, wato jerin abubuwan da za a haɗa. Aiki ya tafi sumul, ba jan layi ko ɗaya. Ya kakkaɓe hannu. "Kin gani? Wanga ba a koya shi jami'a."

Da ya fita cin abinci, na mayar da direban, na karanta kukansa a hankali. Ashe ya dogara ne da wani sashe mai ɗauko saƙo daga ma'auni, sashen kuwa a kashe yake, kuma ba wanda ya rubuta dogaron a saiti. Na ƙara layi guda: in an kunna wannan, a kunna wancan. Sai aiki ya tafi, da direban a ciki.

A Birnin Tudu aka toshe ruwa, akwati ya tsala ihu, manoma suka yi kabbara. Injiniya ya dafa ƙirji: "Dabarata ce." Na tsira da aikina, na kuma gane cewa a sana'armu shiru ba lafiya ba ne.

Sai bayan na bar kamfanin na ji labarin akwatin da Injiniya ya haɗa da hannunsa da irin dabararsa, ya kafa wa surukinsa a Damri. Bai taɓa yin ƙara ba, har shinkafar ta bushe.