Tayar Baya da Idon Inna

Ranar Alhamis ce, cikin watan Janairu, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, a ƙofar gidan yayata a Birnin Kudu. Mu uku ne: ni, da yayata, da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Kwana huɗu ke nan da yi mata aikin yanar ido a idon dama. Na hagu ma yana da yana, ba a taɓa shi ba tukuna, don haka abin da take gani a safiyar bai wuce haske da inuwa ba.

Likita ya ba mu sharuɗɗa. Kada ta sunkuya, kada ta ɗauki kaya, ta guji tari mai ƙarfi da amai, kuma kada komai ya bugi idon, domin ɗan rauni kaɗan zai iya lalata aikin baki ɗaya. Inna ta ce ta ji, amma ba za ta ƙara kwana a ɗakin wata ba, gidanta na Kwandiko za a mai da ita. Ba ta taɓa shiga mota ta fito ba ta yi amai ba. Saboda haka aka tsaya a kan in kai ta a babur ɗina, a hankali.

Yayata ta naɗe ta da mayafi biyu, ta gyara mata baƙin tabarau, ta dube ni ta ce, "Ka dai duba abin hawan naka?"

Na durƙusa na danna tayar baya da babban yatsa. Ta yi tauri. Na ce, "Lafiya lau."

Wannan dannawar ita ce duk binciken da na sani. Akwai wata al'ada da na tashi na samu a wajen masu babur na yankinmu. Idan bazara ta shigo, kwalta ta yi zafi, kowa yana tsoron taya ta fashe, sai a sa tsinken ashana a bakin bawul a rage iska. Idan aka je shan iska wajen mai faci, sai a ce masa kada ya cika. Ni na riƙe wannan maganar har ta zama mini jiki. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya shigo, ina nan ina cewa kada a cika. Kuma kullum da rana nake shan iskar, bayan na yi yawo taya ta ɗumama.

Mun fita gari muka kama hanyar Gwaram. Sanyin safiyar ya shiga yatsuna har na daina jin su sosai. Inna ta riƙe rigata da hannu biyu, tana salati ƙasa-ƙasa. Mun yi kamar rabin sa'a muna tafiya lokacin da na ji bayan babur ɗin ya ɗan yi lilo. Na ɗauka Inna ce ta gyara zama. Ya sake yi, ita kuwa ba ta motsa ba. Daga nan sai wani bugu ya fara tasowa daga ƙarƙashinmu, sau ɗaya a kowane juyin taya.

Na sauka gefen titi na tsaya, na ce mata ta zauna yadda take. Da na leƙa, sai na ga gefen tayar ya tsattsage, ƙananan tsagu sun zagaye ta tun daga kusa da ƙarfe. A wuri guda akwai kumburi kamar ƙwan zabo, robar ta buɗe a samansa, zaren ciki ya fito fari. Na taɓa wurin, na ji shi da zafi, alhali komai na jikin babur ɗin ban da inji sanyi ƙalau yake. Zanen tayar bai cinye ba. Watanta bakwai kawai a ƙafar.

Inna ta ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Ba komai, hannuna nake ɗumamawa."

"A ƙarƙashin babur kake ɗumama hannu?"

Na miƙe na dubi hanya. Hagu da dama gonakin dawa ne da aka girbe, babu gida, babu rumfa. Wata babbar mota ta wuce da gudu, iskarta ta girgiza mu, Inna ta kai hannu ta dafe tabarau. Sai ta yi tari. Ta yi ƙoƙarin danne shi, ya fito sau biyu. Tsayuwa a cikin wannan sanyin ba ta yi mata ba, tafiya kuma idan tayar ta fashe, gefe babur zai zame, ita ce za ta fara kaiwa ƙasa, kuma ba ta ganin inda za ta kai hannu ta kāre fuskarta.

Na fara hawa na ja a giya ta ɗaya. Ban yi nisa ba, domin a kowane bugu ji nake kamar tayar za ta fashe. Na kashe inji na sauka, na bar ta a kan kujera, na ce ta riƙe ƙarfen baya, na kama kan babur na fara turawa. Babur mai ɗauke da mutum ba ya turuwa kai tsaye. Idan ya karkata wajena, ina tare shi da ƙugu. Idan ya karkata can gefen, babu abin da zan yi sai in finciko shi da hannun da ba na ji. Sau ɗaya ƙafata ta zame a tsakuwa, babur ya yi can, Inna ta ce "Innalillahi," na dawo da shi ban san yadda aka yi ba. Daga nan ta ƙara damƙe ƙarfen. Ni kuma na riƙa ƙirga juyin tayar da bugunta, ina jiran wanda zai zama na ƙarshe.

Wajen ƙarfe takwas da rabi muka iso wani ɗan ƙauye a bakin titi. Akwai rumfar mai faci, an rataye tsohuwar taya a jikin bishiyar darbejiya. Mai facin dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune yana jin wuta. Da ya gan mu ya miƙe da sauri, ya kama Inna ta sauka, ya zaunar da ita a bencinsa kusa da garwashi.

"Sannu Hajiya. Wannan ɗan naki ne ko ɗan acaɓa?"

Inna ta ce, "Nawa ne, sai haƙuri."

Ya durƙusa ya dubi tayar. Sannan ya ɗauko geji, abin auna iskar taya, ya ɗora a bawul, ya juyo mini da fuskar gejin. Allurar ba ta kai rabin inda ya nuna mini da farce ba.

Na ce, "Amma na danna ta da safe, da tauri."

"Malam, a wannan sanyin ko takalmin roba ka danna tauri zai yi. Robar ce ta sandare, ba iska ba ce. Kai ma cikin 'yan kada-a-cika kake ko?"

Na ce eh.

"To ga shi nan ba a cika ba. Ka sha iska da rana taya na da ɗumi, ka ce a rage. Ta kwana a waje, sanyi ya ƙanƙance ɗan abin da ya saura. Da safe ka hau, gefen yana lanƙwasa yana miƙewa, robar kuma a bushe. Kullum haka, wata nawa? Kunama kake gudu a watan Afrilu, yanzu muna Janairu, har yau ba ka daina gudu ba."

Ba shi da sabuwar taya, ba shi da tsohuwa mai girman tawa. Ya cire ƙafar, ya yanko wani yanki daga wata matacciyar taya, ya shimfiɗa shi ta ciki a bayan kumburin, ya mayar da robar ciki. Kafin ya kama famfo ya ce in matsar da Inna bayan bishiya. Ya riƙa bugawa yana kawar da kai, ni kuma ina kallon tsagun nan suna buɗe baki kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya goge hannu a wandonsa.

"Za ta ɗauke ka kai kaɗai, watakila har Gwaram. Hajiya kuwa ba za ta hau wannan ba ina tsaye."

Na ce likita ya hana ta amai, mota kuma tana sa ta amai. Ya ce shi bai yi maganar mota ba. Ya shiga bayan rumfa ya turo nasa babur ɗin, tsoho, fentinsa duk ya koɗe. Ya ɗora geji a ƙafa biyun a gabana, ya nuna mini allurar, sannan ya ce, "Hajiya, in ba ki ƙi ba, ni zan kai ki. Shekarata talatin a kan wannan hanyar, ban taɓa kā da ko buhun gero ba."

Inna ta ce, "Ai gara kai, ɗan'uwana. Wannan tun yana yaro ba ya faɗin gaskiyar abin da ya lalace."

Suka tashi a gaba, na bi su a baya da ɗan tazara. Idona yana kan mayafinta. Duk ramin da ya kauce wa sai ni ma in bi sawunsa. Muna dab da shiga Gwaram tayata ta fashe. Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga, bayan babur ya yi hagu ya yi dama, na faɗi a gefen titi, gwiwata da tafin hannuna suka ɗaye. Ina kwance na ga Inna ta fara juyowa da sauri, na ga mai facin ya miƙa hannu ɗaya baya ya dafe ta, ya rage gudu a hankali har ya tsaya can gaba, bai taka birki da ƙarfi ba.

Na ɗaga murya na ce ina lafiya, su wuce. Ta ce sai ta ji na taka. Na tashi na ɗingisa har wurinsu, ta lalubi fuskata da hannu, sannan ta yarda.

Ya kai ta Kwandiko kafin azahar. Ni na tura babur zuwa cikin Gwaram na sayi sabuwar taya, na same su da la'asar. Bayan mako biyu muka koma Birnin Kudu, likita ya duba idon ya ce aikin yana nan lafiya, ya sa ranar yin na hagu bayan ƙaramar salla.