Riɗi a Filin Koci

Yau kwana ashirin da faɗuwar Koci, amma har yanzu in aka dire buhu a ƙasa da ƙarfi sai in zabura. Inna ta ce in rage firgita, ai ba mutuwa aka yi ba. Na sani. Sai dai ita ba ta ji ƙarar ba, kuma ba ita ta buɗe kwaɗon ba.

Koci shi ne mai koyar da wasan tanis a wata 'yar kwaleji da ke bakin garin Birnin Kudu. Mutumin Farin Dutse ne, can ƙasar Gwaram, dogo siriri, furfura ta gama da kansa, ga faɗa kamar ana zuga shi. Tun yana saurayi ya zo a matsayin malamin motsa jiki, ya tarar da wani fegi a bayan azuzuwa, babu komai a ciki sai ƙarangiya. Shi ya share shi. Shi ya yi ta naci har aka riƙa ba shi siminti, buhu ɗaya yau, biyu bayan wata, ya kwaɓa da hannunsa shi da ɗalibai, ya auna layi da igiyar guga. Ragarsu ta farko ma ta masunta ce. Mutanen gari suka sa wa abin suna ƙwallon marasa gona, bai ko kalle su ba.

A kan simintin nan ya horar da yaran da suka je Dutse da Kano suka dawo da kofuna. Akwai waɗanda wasan ne ya buɗe musu ƙofar babbar makaranta, akwai waɗanda su ma yanzu koci ake ce musu a wasu garuruwan. Shi ne kuma ya fara sa 'yan mata riƙe raket a yankinmu, da dogon wando da hijabi, bayan ya sha habaici na shekara da shekaru. Amma ka je ofishinsa ka ce ya nuna maka kofunan. Suna cikin kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur, ɗaya ma ƙusoshi yake ajiyewa a ciki. Abu guda kawai yake taƙama da shi, yana kuma faɗa wa duk baƙon da ya zo, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba: “Tun da na kwaɓa filin nan, ba a taɓa yin shanya a kansa ba.”

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai ce wannan kuma wace irin bajinta ce. To, a nan in kaka ta yi, duk inda siminti ya kwanta ido na kansa. Gefen kwalta, barandar aji, dandamalin rijiya, ko'ina barkono ne da kuɓewa da shinkafa. Fili irin na Koci kuwa, mai faɗi, a shafe, ga waya ta kewaye shi akuya ba ta shiga, ai nama ne a gaban kura. Ya kori mata, ya kori maza, har wani dattijo da ake tsugunawa a gaida shi ya taɓa mayar wa da masararsa gida a baro.

Ni ina sakandaren 'yan mata na fara zuwa wajensa. Ban yi fice ba, gaskiya, kullum ce min yake ƙafata kamar an ɗaura mata turmi. Da na gama makaranta ban samu wucewa gaba ba, sai ya zo ya roƙi Baba in riƙa zama da 'yan matan, domin sharaɗin iyaye ke nan: in babu mace babba a wurin, babu wasa. Su tara ne bana. Ya ɗaure mukullin filin da igiyar takalmi ya rataya min, ya ce, “Ko uwarki ce ta zo da shanya, ki ce mata mukulli ya ɓata.” Na yi dariya a lokacin.

Ba uwata ce ta zo ba, Goggo ce, yayar Baba da ke aure a Unguwar Ya. Ita ta yaye ni, na yi shekara huɗu a ɗakinta. Ana hutun rabin zango, Koci ya tafi gida girbi, sai ga ta da hantsi a kan amalanke da buhu uku na riɗi. Tamfol ɗinta ya yage, riɗi kuwa in aka shanya shi a ƙasa yashi yake kwasa, masu saye su raina shi.

Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Tashi, 'yar nan, ɗauko mukullin.”

“Wane mukulli, Goggo?”

“Na rumbun ubanki. Ke, kar ki raina min hankali! Na filin nan da kuke tsalle-tsalle kamar fara a kasko.”

Na ce Koci ya hana.

“Koci yana Gwaram. A ƙeya idonsa yake? Wuni ɗaya ne tak. Riɗi ne fa, ba kashin shanu ba.”

Sai na tuna abin da aka koya min, na ce mukulli ya ɓata. Ta miƙo hannu ta cikin hijabina ta jawo igiyar daga wuyana, ta ce, “To ga shi na tsinta miki.”

Na dubi Baba, ya duƙufa kan rediyonsa kamar yau ya fara ganin ta, don shi ma tsoron yayarsa yake. Inna ta shige madafa. Goggo ta dafa ƙirji ta ce, “Ni da na goya ki har bayana ya yi kanta, yau siminti ya fi ni?” Don Allah ku faɗa min, me ake cewa a nan? Na sa takalmi na je na buɗe mata.

Wuni ɗaya ya zama biyu. Da ta kwashe kayanta na share filin sau uku, da tsintsiyar kwakwa da ta laushi, har ƙuguna ya riƙe. Abin da ban lura da shi ba, simintin ya tsufa, duk ya yi 'yan tsage-tsage kamar faso, riɗin ya shige ciki ya kwanta. Na ga layin tururuwa suna ɗauka ɗai-ɗai, na ce a raina to, su ƙarasa min aikin. Wai ni da takardar sakandare, tururuwa na ba wa amana.

Ranar Litinin bayan la'asar aka koma wasa. 'Yan matan suka yi ta guje-guje, ashe ƙafafunsu da dukan ƙwallo suna fito da abin da ke cikin tsagogin. Koci yana nuna musu yadda ake ja da baya a tare ƙwallon da ta yi sama. Yana cewa, “Ƙafata za ku duba, ba hannuna ba!” Ya ja taku uku da sauri, na huɗun ƙafar ta tafi ta bar shi. Hannun damansa ya fara sauka, sannan kansa. Ƙarar nan ce nake ji har yau.

Ni na fara isa kansa. Idonsa a buɗe amma ba ya magana, jini yana bin bayan kunnensa. A kumatunsa na ga ƙwayoyin riɗi huɗu ko biyar sun manne, farare tas. Kafin kowa ya ƙaraso na sa gefen hijabina na goge su. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Cikin duk abin da na aikata, wannan ya fi hana ni sakat.

A asibiti aka ɗinke kan, aka yi hoto aka ce wuyan hannu ya karye wuri biyu. Yana dawowa hayyacinsa ya fara rigima, shi sai an kai shi wajen mai ɗorin garinsu. Likita ya yi magana, abokan aikinsa suka yi, ya ƙi ji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa yara su bi ƙa'ida! Haka aka sa shi a mota sai Farin Dutse.

Daga nan gari ya ɗauka. Mutumin da ya tsufa yana gudu a wurin nan bai taɓa ko tuntuɓe ba, ya faɗi a shafaffen siminti, babu dutse babu rami? Ai da walakin. Wasu suka ce jifa aka yi masa. Wata tsohuwa ta tuna da can akwai tsamiya a wurin, an sare ta ba a nemi izinin masu ita ba. Ranar Laraba 'yan mata huɗu suka zo, ranar Alhamis ko ɗaya. Iyaye suka ce ba za su kai 'ya'yansu filin iskoki ba. Na zauna ni kaɗai a gindin raga da mukulli a wuya, ina sane sarai da cewa kalma ɗaya daga bakina za ta kashe maganar, in kuma na yi shiru wasan 'yan mata ya mutu ke nan. Na aika wa Goggo, ta aiko cewa in ja bakina in yi shiru, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Kwana goma na yi ina saƙawa ina kwancewa, sannan na hau mota zuwa Gwaram, daga can babur ya kai ni Farin Dutse. Matarsa ta yi min iso. Na same shi a zaure kan tabarma, hannun a ɗaure da karare da tsumma, ya rame, idon nan dai yana nan yadda na san shi. Na durƙusa ina cewa, “Malam, ya jiki?”

“Su wa ke fili yau?”

“Babu kowa, Malam.”

“Jiya fa?”

Na ce babu. Na faɗa masa maganar iskoki, ya ja tsaki. Sai na runtse ido na faɗi sauran, tun daga amalanken Goggo har abin da na goge a kumatunsa. Ban san ko ya gane rabin abin da na ce ba.

Ya ɗaga murya ya ce, “Hajiya, miƙo min kambas ɗina.” Ta kawo takalmin, ya kifa shi da hannun hagu ya turo min. Riɗi ne cike a tsagogin tafinsa.

“Tun a asibiti na gani,” in ji shi. “Jira nake in ga ko bakin naki ma an ɗaura masa turmi.”

Wallahi a lokacin nan tsoro da haushi suka haɗu suka kama ni. Kwana goma ban ci abincin kirki ba, ashe shi yana nan yana ƙirga min kwanaki! Na ciro mukullin na ajiye a gabansa.

“Me zan yi da shi? Da wane hannun zan buɗe kwaɗo?” Sai ya ce mai ɗori ya gaya masa ƙashi zai haɗu, amma riƙon raket irin na dā sai dai a tuna. Haka ya faɗe shi kamar yana ba da labarin ruwan sama, ya wuce kan wata yarinya da ba ta lanƙwasa gwiwa in za ta yi bugun farko. Na fashe da kuka. Da ya zage ni ya kore ni da na fi samun sauƙi.

“Kukan nan ba zai dawo min da yara ba,” ya ce. “Ki wanke filin, ki liƙe tsagogin. Sannan ki bi gidajen nan tara, ki gaya wa kowane uba riɗi ne, kuma ke kika buɗe. Kar ki ce an buɗe. Aljani ba ya jin tsintsiya, riɗi yana ji.”

Na yi wankin, na yi liƙin da ragowar simintin da Baba ya samo min ba tare da ya yarda mun haɗa ido ba. Na fara bin gidaje. Wani ya yi min wa'azi tun daga la'asar har inuwa ta bar zaure, wani ya yi dariya har ya ƙware. Biyu suka ce riɗi ko ba riɗi ba, 'ya'yansu sun gama. Goggo ta ji na ambaci riɗinta a gari, ta aiko cewa ba ni ba ita.

Jiya na je gida na ƙarshe, na wani Alhaji, mahaifin yarinyar da ta fi kowa iya wasa a cikinsu. Ya saurare ni tsaf yana jan carbi. Da na gama ya ce, “Riɗi buhu uku, kuma wuni biyu ya bushe?”

Na ce e.

“Babu yashi ko kaɗan?”

“Babu, Alhaji.”

“Ikon Allah. To, 'yata, ina da 'yar shinkafa da ba ta gama shan iska ba. Tunda mukullin na wajenki...”

Sa'an Baba ne, a cikin zaurensa nake, kuma 'yarsa na zo roƙo. Duk da haka na ce, “Alhaji, ka yi haƙuri. Ba za a yi shanya a filin nan ba.”

“Wuni ɗaya fa.”

“Ko rabin wuni, Alhaji.”

Ya ce in tashi in tafi, zai yi shawara. Ban san yadda ƙafata ta kawo ni gida ba.

Yau da la'asar 'yan mata shida suka zo. Muna cikin ɗaura raga sai ga ta bakwai tana tafe da raket a kafaɗa, 'yar Alhajin. Ta ce babanta ya ce a gaya min ba ni da kunya.