Albasar Aliero da wayar Kawu

Jama'a, yau an zagi uwata a gabana.

Kun san shafina na barkwancin kimiyya. Shekara biyu ina zuba bayanin taurari da ƙwayoyin cuta cikin raha, ba mai dariya sai ku. Makon jiya na rubuta cewa albasar Aliero tana cajin waya. A ƙasa na sa "wasa ne" ɓaro-ɓaro. Wani mara mutunci ya kwafa, ya yanke wurin, ya watsa. Mabiya suka yi ta tururuwa, ni ko ina ta murna.

Ɗazu a kasuwar Jega na tarar da Kawu, yayan mahaifiyata, wurin mai gyaran waya. Wayarsa sai warin albasa take. Ruwan albasa ya matse cikin ramin caji!

Na ce, "Kawu, ai wasa ne."

Ya ce, "Wasa? Wanga ɗan banza mai shafin ya kashe man waya. Kai da kay yi boko, biɗo man shi."

Daga nan ya shiga ɗura wa uwar mai shafin ashar, mutane na taya shi.

Ƙanwarsa ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya.